Baffa Skevos Mai Soso

Ina da shekara shida aka fito da mahaifina, Nomikos, daga ƙarƙashin teku babu rai. Yana cikin tsinkar soso bututun iskarsa ya yage. Ƙanensa Skevos ne ya jawo shi cikin jirgi da hannunsa. Tare suka baro tsibirin Kalymnos na ƙasar Girka suna samari, tare suke nutso a nan Tarpon Springs, a Amurka.

Mu uku ya bari, uwarmu kuwa ta riga shi tafiya. Bayan addu'ar arba'in, limamin cocinmu ya kawo shawarar a kai mu gidan marayu a New York.

"Fada, ina numfashi?" in ji Baffa Skevos. "'Ya'yan Nomikos ne fa."

Matarsa, Inna Sevasti, ta ja shi gefe, amma duk muna ji. "Ɗaki biyu gare mu, Skevos, ga namu huɗu."

"Sai a ƙara ruwa a miyar wake."

"To, kai za a riƙa zuba wa ruwan," ta ce, ta sunkuya ta ɗauki ƙullin kayanmu.

Ba a yi shekara biyu ba wata cuta ta faɗa wa soso a teku, ya riƙa ruɓewa tun kafin a taɓa shi. Jirage suka yi cirko-cirko a bakin gaɓa. Baffa ya bi 'yan tsibirinsu zuwa Ohio, aikin fentin gadoji. Mutumin da ya saba da ƙasan teku sai ga shi rataye da igiya a sararin sama. Wata tara yake yi a can, sai sanyi ya hana aiki ya dawo, jan fenti ya kama ƙarƙashin faratansa.

Duk ranar tafiya yakan jera mu bakwai, kowa ya taka takarda, ya zana ƙafarmu da fensir. In ya dawo ga takalma bakwai, iri ɗaya, launi ɗaya, kowanne ya ɗan ɗara zanen. Wata maƙwabciya ta taɓa tambayarsa waɗanne ne nasa a cikinmu. Ya ce, "Duk wanda kika ga yana cin gurasata."

Shekarar da na shiga makarantar jinya wasiƙa ta zo daga Kalymnos: tsohuwarsa tana kwance, tana kiransa. Ya sayi kwat sabuwa, ya ɗauki hoton fasfo, sannan bai je ba. Ta rasu a watan Yuli, labarin ya same shi a kan gada. Kwana arba'in bai aske gemu ba, kuma bai fasa aiki ko yini ɗaya ba.

Sai da na yi aure na haihu Inna Sevasti ta gaya mini cewa da ya tafi a tsakiyar aiki, da an ba wani gurbinsa, ni kuma da na bar makaranta. Na same shi a bayan gida yana yi wa itacen ɓaurensa ban-ruwa.

"Baffa, saboda ni ne ba ka je ba?"

"Wa ya ce? Bakin Sevasti ba shi da murfi. Tsoron jirgin sama nake yi."

"Kai da kake lilo a kan gada?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya kira sunana.

"Themelina, akwai naki a ciki, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma mu biyu tsohuwa ta sallama a bakin ruwa, ni da mahaifinki, ta ce mu kula da juna. Da na shiga ɗakinta, bayana za ta fara dubawa."

Tarin nan bai sake shi ba, fentin shekara talatin ya cinye masa huhu. Ni na yi jinyarsa a watanninsa na ƙarshe. Ko ruwa na miƙa masa sai ya ce, "Kin gaji, 'yata, zauna." Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, cikin 1989, yana da shekara saba'in da biyu.

Tsofaffin abokan aikinsa sun tuƙo mota tun daga Ohio, wasu da sanda. Inna Sevasti ta raba dafaffiyar alkamar sadakar mamaci a ƙofar coci da hannunta, ta ƙi bari kowa ya karɓe ta. Shekara huɗu ta ƙara a bayansa, kuma ba ta yarda ta bar gidan nan mai ɗaki biyu ba.