Tayar Ƙasar Sanyi

Ƙarfe huɗu saura kwata na yamma motar Baba ta zame da mu a hanyar Yendi zuwa Salaga, bayan ɗan yayyafi. Ba wanda ya ji ciwo, amma tayoyin da ya saya wata uku kacal sun suɗe kamar tafin hannu.

Ni ba mai yawan magana ba ce. Na kwafe duk abin da ke jikin tayar a littafina, na yi mako ina bincike. Ashe ɗan zanen dutse da dusar ƙanƙara da ke jikinta yana nufin ta ƙasar sanyi ce. Robarta laushi gare ta, zafin kwaltarmu cinye ta yake yi.

Da muka koma gida Bawku, muka je shagon da aka saye ta, mai tayar ya sake mirgino wa Baba irinta.

"Ba ma so," na ce.

Ya yi dariya. "Alhaji, yanzu 'yar makaranta ke zaɓa maka taya?"

Baba ya harare ni. Na ɗora yatsa a kan alamar, na ƙi ɗagawa. "Kawu, wata nawa za ta yi a kwaltarmu?"

Sai da na tambaya sau uku.

"Ba za ta kai ƙarshen damina ba," ya ce. "Ɗauke yatsanki, 'yata. Na ƙasar zafi suna ciki."