Akwatin da Aka Sa wa Injin Baba

Shekarar da kuɗi suka fara yawo a Daura, har mai tallan goro ya sayi rediyo, Baba ya ce shi ma zai gyara ɗakin injin niƙansa. Aka sauke azara aka buga kwano, aka zuba siminti. Ana cikin aiki sai ga duba-gari da wani ma'aikaci riƙe da takarda. Suka ce doka ce: tunda an taɓa ginin, sai an fasa taga saboda hayaƙi, kuma a rufe bel ɗin inji kada ya fizgi zanen wata. In ba haka ba, za a garƙame wurin.

Baba bai yarda da su ba, gani yake mai sabon inji na bakin kasuwa ne ya turo su. Duk da haka ya sa mai walda ya ƙera akwatin ƙarfe, ya rufe bel ɗin ruf.

Ni na ɓata komai. Shekaruna goma sha huɗu, bakina ba ya hutawa. Ranar da aka buɗe, 'yan mata na layi da kwanukan gero, wata ta tambaye ni mene ne wannan akwati. Na rage murya na ce, "Tumbin injin ne. Kowane kwano sai ya haɗiye rabonsa." Wallahi wasa nake. Kafin la'asar maganar ta zaga gari ta dawo mini, har an ƙara mata bututu da ya bi ta ƙasa zuwa rumbunmu.

Cikin kwana uku layi ya koma bakin kasuwa. Baba ya zauna gaban inji a kashe yana zargin duba-gari, yana zargin maƙwabta, har mai walda bai tsira ba. Ni kuwa in kawo masa abinci ina kallon ƙasa.

Rana ta huɗu sai ga gwaggonsa tana dogara sanda.

"Kai ɗan nan, buɗe mini abin can."

"Gwaggo, doka ta hana."

"Dokar ce ta goya ka ko ni? Buɗe!"

Ya kwance. Ashe garin da ke tashi a iska ya ɗan taru a gindin akwatin, bai cika tafin hannu ba. Gwaggo ta dangwala yatsa ta lasa.

"Gero ne. Ashe 'yarka ta yi gaskiya."

Baba ya juyo a hankali. "'Yata?"

Da ƙasar ba siminti ba ce, da na haƙa na shige.

Bai dake ni ba, tunani ya hana shi. In ya cire akwati hukuma ta rufe shi, in ya bari mata sun guje shi. Washegari mai walda ya yanke gefen akwatin ya sa ragar waya. Duba-gari ya zo ya gwada tura yatsa, bai shiga ba, ya ce ya yi. Ni aka tura gida-gida ina ƙaryata kaina. Wata ma cewa ta yi, "To, yanzu kike ƙaryar ko da?"

Gwaggo ce ta fara kawo niƙa. Ta ja kujera ta kafa ido a ragar har geronta ya ƙare, ta jijjiga kwanon, ta ce wa matan da suka zo kallo, "Gobe ku turo yaranku." Yawanci sun dawo. Gidaje biyu dai ba su ƙara aiko mana ko tsaba ba.