Kwandon Tumatirin Maman Victor

A layinsu na Gyadi-Gyadi ba mai kiranta Lami, Maman Victor kowa ya sani. Aure ne ya kawo ta Kano daga Kagoro tun da ƙuruciyarta. Yanzu furfura ta cika mata kai, amma ba ta daina koyarwa ba a wata firamaren kuɗi da ke Darmanawa. Mijinta Habila ya yi ritaya daga aikin gwamnati, fanshon kuwa bai taɓa kai su tsakiyar wata ba. Victor ɗin yana Jos yana neman aiki.

Tun da mai ya yi tsada ta daina hawa adaidaita. Da sassafe take zura silifas ta kama hanya, takalmin kirkin yana cikin jaka, sai a ƙofar makaranta ta canza. Tukunyar gas tana bayan ƙofa an lulluɓe ta da tsumma. Gawayi ake hurawa, shi ma da an sauke girki sai ta yayyafa masa ruwa ta shanya ragowar. Ruwan ɗaurayar wanki shi ke goge ɗaki, guntayen sabulu kuma a tsohuwar safa take tara su.

Abokiyar tsiminta ita ce maƙwabciyarta Sa'adatu, matar wani mai gyaran fanka. Ranar dafa wake wuta ɗaya suke hurawa, in ya nuna a raba.

Da tumatir ya faɗi warwas a kasuwa, Sa'adatu ta leƙo ta katanga.

"Maman Victor, mu haɗa mu ɗauko kwando a 'Yan Kaba mana. Mu yanka mu shanya, kin san in damina ta shigo ba ya taɓuwa."

"A ina za mu shanya? Awakin gidan nan ba za su bar shi ba."

"Saman kwano mana."

Ranar Asabar suka wuni suna yanka har yatsunsu suka yamushe. Habila ya ce a kira wani ya hau da shi, a ba shi ɗan wani abu. Maman Victor ta ce ɗan wani abun nan shi ne gishiri da maginsu na sati. Ta aro tsani ta hau da kanta.

Shanya ta yi kyau, rana ta dake shi ya bushe ƙayau. Ranar kwasowa ce matakin tsanin ya ɓalle. Ta faɗo a kan hannun dama, buhun ya biyo ta.

Habila ya ce asibiti, ta ce a'a, kuɗin hoton ƙashi kaɗai ya ishe su. Wajen wani mai ɗori a Unguwa Uku aka kai ta. Makonnin da ta yi a gida makarantar ta zaftare su daga albashinta. Sa'adatu ce ke miƙo mata tuwo ta katanga, wata rana ta shigo ta zauna bakin tabarma tana share hawaye.

"Wallahi ni na jawo miki."

"Ke kika ɓalle tsanin? Bari, Sa'adatu." Ta kalli hannun. "Ba ciwon ne ya dame ni ba. Na gaji ne. Komai sai na yi lissafi, ko ashana zan ƙyasta."

Hannun ya warke a ɗan karkace. Da hagu take rubutu a allo yanzu, a hankali, ɗalibai suna jira. Busasshen tumatirin kuwa ya kai gidajen biyu har ƙarshen damina, miya ba ta yanke ba.

Kwanan nan Sa'adatu ta sake leƙowa, a ɗarare, ta ce ta ji an ce albasa ta yi sauƙi.

"A bar ni in huta tukuna," in ji Maman Victor.

Ta ci gaba da murza wuyan hannunta da man zafi. Can, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, "Nawa suka ce buhun?"