Abin da Ya Rage na Muryar Dogo

A ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin shagon tela da na mai sayar da batura, akwai wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum uku sai an matsu. A nan mutumin da ake kira Jera ya ƙare ƙuruciyarsa har furfura ta cim masa. Da gyaran tafireta ya fara. Da zamaninta ya shuɗe, sai ya sayi wata matacciyar kwamfuta ya kwance ta, ya ɗaure, ya sake kwancewa, har hannunsa ya faɗa.

Halinsa ne ya jawo masa sunan. Kowane irin noti da gwangwaninsa, sukurdirebobi kuma suna rataye a bango daga babba zuwa ƙarami. Tela maƙwabcinsa yakan ce ko takalman baƙi Jera ya tarar a ƙofar gida, sai ya daidaita musu kai kafin ya yi sallama.

A dukkan ayyukan shagon babu wanda yake ƙauna kamar tattara faifan ajiya. Yakan yi wa masu kawo gyara bayani cewa kwamfuta kamar mai gaggawa ce wajen adana kaya: duk inda ta ga sarari sai ta cusa, har fayil guda ya zamana kansa yana nan, ƙafarsa tana can. In aka neme shi sai ta yi ta kai da komo tana tsinto gutsattsarinsa, shi ya sa take yin nauyi. Manhajar tattarawa ita ke kwaso gutsattsarin nan ta haɗa kowane da ɗan'uwansa. In ya kunna ta, allon yakan cika da ƙananan murabba'ai, jajaye da shuɗɗa a warwatse, shi kuwa ya harɗe hannu yana kallon jajayen suna raguwa, fuskarsa a sake kamar mai kallon shukarsa tana tsiro.

Aibinsa guda ne, kuma kowa ya san shi: ba ya bari mai kaya ya ƙarasa bayani. Da ka fara, "Ai jiya ne na ga..." sai ya ɗaga hannu ya ce, "Bari na'urar ta faɗa da bakinta." Kafin ka zauna ya kunna tattarawa. Da yake sau da yawa kwamfutar takan fito da sauƙin jiki, babu wanda ya taɓa ja da shi.

Jera yana da ƙanwa, ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, don haka Auta kowa ke kiranta. Mijinta, wani ma'aikacin jinya da ake yi wa laƙabi da Dogo, mutum ne mai son ɗaukar bidiyon iyalinsa. Da wuya ka gan shi a ciki, domin kullum shi ne riƙe da kyamara, amma muryarsa tana ko'ina, yana zolaya, yana ba da umarni, yana dariya. Duka yakan juye su a kwamfutarsa ta gida. Ya rasu bayan gajeriyar jinya, 'yarsu ba ta ko iya zama ba. Auta ta ƙudurta a ranta cewa in yarinyar ta yi wayo za ta zaunar da ita ta ji muryar ubanta.

Wata rana da hantsi sai ga Auta a shago, ta rungumo kwamfutar a cikin zane, idanunta sun kumbura. Jera ya ɗauka kukan rashin ne bai sake ta ba.

"Yaya, nauyi take yi, shi ne na ce bari in rage mata kaya, sai na..."

"Ajiye ta nan. Ke da rage kaya? Ko ɗakinki ba ki iya gyarawa ba."

"A'a, Yaya, tsaya ka ji. Akwai wani wuri da..."

Jera ya riga ya jona kwamfutar, ya kunna tattarawa. "Na ji, na gani. Dubi nan, ja ko'ina kamar an watsa barkono. Je ki wajen tela ki zauna a inuwa, kya dawo ki same ta tana gudu."

Tun tana ƙarama haka suke. Ta yi tsammanin abin da ya kunna shi ne zai dawo mata da abin da ta rasa, sai ta tafi ta zauna a bencin tela. Tela ya leƙo yana cewa, "Jera, ka bar baiwar Allah ta yi magana mana! Kai ko likita ai yakan tambayi inda ke ciwo."

"Likitan da bai san aikinsa ba," in ji Jera.

Faifan ya cika sosai, aikin ya ja har rana ta karkata. Da allon ya koma shuɗi tas, ya kira ta da alfahari. Ya buɗe wannan, ya rufe wancan, komai na amsawa nan take.

"To, ga ta. Sai godiya."

Auta ta sunkuya tana duban allon. "Sun dawo ke nan?"

"Su wa?"

"Bidiyon Dogo. Su ne na goge ban sani ba, na haɗa su da tarkacen da na zubar, har kwandon sharar na juye. Da na ga babu su, shi ne na kashe ta na taho."

Jera ya janye hannunsa daga kan kwamfutar. Babu wanda ya fi shi sanin cewa abin da aka goge ba ya fita daga faifai nan take. Sunansa kawai ake cirewa, a ce wurin ya zama fanko, amma kayan suna nan kwance har sai an ɗora wani abu a kansu. Auta, da ba ta san komai ba, ta yi abin da ya fi dacewa: ta kashe na'urar, ta kawo. Da ya saurare ta, da manhajar ceto zai sa, kuma da wuya a rasa mafi yawansu. Shi kuwa ya wuni yana kallon ana kwasar kaya ana jerawa a daidai wuraren da muryar Dogo take kwance, yana jin daɗi.

Bai faɗa mata a ranar ba. Ya ce ta bar masa kwamfutar. Ya ture duk sauran ayyuka, ya cire faifan, ya bi shi lungu-lungu da duk manhajar ceto da ya sani, har da waɗanda ya aro. Sunaye sun fito da yawa, amma in ya buɗe sai allon ya daskare, ko ya nuna zane-zane marasa ma'ana. Tela ya lura cewa gwangwanayen notuna sun cakuɗe, kuma babu wanda ya gyara su.

A ƙarshe abu guda ya samu. Hoton ya lalace, sai kore da baƙi, amma sautin ya tsira, ɗan guntu da bai fi a ja numfashi biyu ba.

Ya ɗauki kwamfutar ya kai mata gida da kansa. Ya same ta a falo, yarinyar tana barci a cinyarta. Ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a bakin tabarma, ya yi mata bayanin komai dalla-dalla, bai rage wa kansa ko kaɗan ba.

"Gogewarki ba ta kashe su ba, Auta. Aikina ne ya binne su."

Ta daɗe tana shafa kan 'yarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Yaya, tun muna yara ba ka taɓa bari na kai ƙarshen magana ba. Da can kuka nake yi in kai ƙara wurin Mama. Yanzu wurin wa zan kai?"

Ya buɗe kwamfutar ya danna guntun. Aka ji ƙarar iska, sannan muryar Dogo, garau, da dariya a cikinta: "Matso kusa mana, uwargida, ba ki fito ba. Ɗago min ita in ga fuskar..." Nan ya yanke.

Auta ta dafe bakinta. Can ta ce, "Sake."

Ya sake. Ta ce ya ƙara, ya ƙara. Yarinyar ta motsa, ta buɗe ido, ta juya kanta wajen da sautin yake fitowa.

Jera ya juye guntun a wurare daban-daban, ya ba Auta, ya ajiye ɗaya a aljihun teburinsa. Zumuncinsu bai yanke ba. Tana zuwa, yana zuwa, ba ta kuma ƙara tayar da zancen ba, abin da ya yi masa zafi fiye da a ce ta zage shi.

Yanzu ya manyanta. Sababbin kwamfutoci suna zuwa da ma'ajiyar da ba ta bukatar irin wannan tattarawa, tsofaffin ma kan yi abinsu da kansu. Jefi-jefi dai wani yakan kawo tsohuwa mai nauyi. Jera yakan jawo masa kujera, ya bar na'urar a kashe, ya zauna yana sauraro har mai kayan ya rasa abin faɗa. Tela ya ce tsufa ne ya kashe masa baki.

Yarinyar ta girma, tana makaranta. Ta haddace maganar ubanta har da inda dariyar take shiga. Wani lokaci takan biyo ta shago ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Kawu, me kake jin Baba zai ce bayan nan?"

Jera yakan ajiye sukurdireba, ya dube ta, ya ce bai sani ba.