Ruwan Wankan Ɗiyata a Bauranya

Muna sallame asuba muka bar Kankiya, ni da maƙwabciyata da jakin aro. Saƙo ne ya zo cewa ɗiyata da ke aure a Bauranya, wajen Kusada, ta sauka lafiya, amma wankan jego bai karɓe ta ba. Na ɗaura kanwa da dawa, na soka fensirina na ajin yaƙi da jahilci a ɗankwali.

A Kafinsoli muka sha furar kwabo, nonon ya fi kusa da ruwa. Jakin kuwa duk inuwar da ya gani sai ya tsaya gaishe ta. Sai la'asar muka isa.

Ɗiyata na kwance, fatar bayanta ta saɓule, idanu jawur. Jaririyar tana ta gudawa. Uwar mijin ta rantse mani ba ta yi ƙwauron itace ba, kuma ruwan da ya fi kowanne tsabta take ɗebo masu, na wanka da na sha. Da aka buɗe tukunya tururin ya bugo ni, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Da safe na bi mata zuwa inda suke ɗiba. Wani Bature ne ya kafa injin niƙa dutse a bakin rafi. Ana zuba ma garin dutsen wani magani, sai kumfa ta taso da ƙarfen da yake nema, ruwan kuma a kora shi tafkin da matan ke ɗiba. Tafkin garau, kana ganin ƙasansa. Matan suka ce duba-gari ya taɓa gaya masu ƙananan ƙwarin ruwa ke kawo kurkunu, wannan kuwa ko tsutsa babu, balle kwaɗo.

A gefe na iske malamin da ke yi wa Baturen rubutu, wani dattijo mai tabarau, da kwalabe jere. Yakan ɗebi ruwan ya saka talibambam ciki. In sun kai yamma da rai, maganin ya mutu, don rana tana kashe shi cikin mako guda. Na leƙa littafinsa, na haɗa baƙaƙen a hankali. Kowane layi magana ɗaya ce: sun mutu.

Na tambaye shi yaushe makon zai cika.

"Inna, kullum ana zuba sabo," in ji shi. "Na hana matan nan, suka ce rowar ruwa nake."

Daga ranar na koma ɗebo ruwa a rijiyar ƙauyen Dudunni, sawu biyu kullum, tulu bisa kai. Ɗiyata ta fara samun barci. Jaririyar ce ba ta jira ba, kwana uku da zuwana aka binne ta bayan gida, sunanta bai ko zauna a baki ba.

Uwar mijin ta ce ko ba goyo sai an cika arba'in, in ba haka ba sanyi zai kumbura maijegon. Na ce, "Gaskiyarki, Yaya. A ɗakina za ta cika." Ba ta hana ba. Kuka take, tana kallon hannuwanta, su ma duk sun tsattsage.

Muka iso Kankiya da magariba, ɗiyata bisa jaki, zanen goyon a naɗe a cinyarta. Abin da na koyo ke nan, 'yan'uwa mata: ruwan da ba abin da ke rayuwa cikinsa, kada ki ba ɗanki. Yau saura kwana goma sha tara ta gama wanka. Nonon bai tsaya ba tukuna.