Kifina da Inna Mai Fara

"Ɗana, wa ke cin hwara ɗanya?" Haka Inna mai fara, 'yar Maraɗi, ta tambaye ni a tashar Jibiya da na ce mata ɗanya nake nema.

Na ce kifina ne, arowana, da nake kiwo cikin akwatin gilashi a falo. Ya daina cin abinci, duk ya rame.

Washegari sai ga ta har gida da fara mai rai a gora, wai sai ta gani da idonta. Tana miƙa ɗaya saman ruwa, kifin ya yi tsalle ya cafke.

Ta ja da baya tana salati, ta ce, "Lahiyarshi lau! Maharbi ne kuka aje kuna ba shi sadaka."

Tun ranar nake jin kunyar watsa masa abincin gwangwani. Masu kiwon kifi, naku ma haka yake?