Turmin da Goggo Ta Ƙi Dakawa

Shekarata ta uku ina koyarwa a sashen kiɗa na kwalejinmu a Daura aka ce mu za mu karɓi baƙuncin taron malaman kiɗa da rawa na yankinmu. Za a zo daga jihohin maƙwabta, har da waɗanda za su tsallako ta Kongolam daga Nijar. Ni kuwa a lokacin ina da wata rigima da na daɗe ina ja da shugaban sashenmu. So nake a sa lugude cikin abin da muke koya wa ɗalibai, wato dakan nan da mata biyu ko uku ke yi a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke, ana cilla ta sama ana tafawa ana cafewa. Injin niƙa ya shiga kowane lungu, kuma ina gani da idona 'yan matan yanzu ba su iya ba. Shi kuma cewa yake wannan aikin gida ne, ba kiɗa ba. Da na ishe shi da naci sai ya ce in kai maganar gaban taro. In manyan malamai sun yarda kiɗa ne, zai sa hannu. In ba su yarda ba, in shafa masa lafiya.

Na ɗauki abin da zafi. Na yi wata biyu ina sauraron wani ɗan guntun lugude da na ɗauka a waya wajen wani biki, ina ƙirga bugu, ina zane a takarda. Na fito da maƙala mai shafi goma sha biyu, na kafe a kan cewa lugude yana da awo ɗaya tak wanda ba ya canjawa daga farko har ƙarshe. Ina ji da wannan maƙala ba kaɗan ba. Don in ƙara mata armashi sai na je ƙauyenmu a ƙasar Baure na roƙi Goggo, ƙanwar mahaifina wadda ta rene ni, ta zo da ƙawayenta biyu su nuna wa baƙi. A zamaninta babu bikin da ake yi a ƙauyukanmu har Babban Mutum ba a aiko mata ba. Sai da ta ja mini rai tukuna, tana cewa me masu boko za su yi da daka, sannan ta amsa.

Ni na shirya komai da kaina, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Na sayi sabon turmi dal a kasuwa, na sa aka goge shi aka shafa masa mai yana ƙyalli. Aka ɗora shi a kan dandamali, bisa jan kafet mai laushi, aka jingina masa makirufo. Da na tsaya daga nesa na dube shi har wani daɗi na ji.

Ranar ta zo, zaure ya cika. Shugaban zaman wani dattijon farfesa ne mai furfura, wanda aka ce bai iya yabo ba. Ya ajiye agogonsa a kan tebur ya ce minti ashirin gare ni. Na karanta maƙalata, na zana awon nan nawa a allo, sannan na kira su Goggo. Suka hau dandamali cikin atamfar da suka yi anko, kowacce da taɓaryarta da ta taho da ita daga gida. Goggo ta leƙa cikin turmin, ta ɗago ta dube ni.

"Ke 'yar nan, ina geron?"

Makirufon nan ya kwashe maganar ya watsa wa kowa. Na matso na raɗa mata cewa ai gwaji ne kawai, su ɗan buga a ji.

"A buga me? Ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa dakan turmi wayam ba. Kuma wa ya ce miki ana kafa turmi a kan shimfiɗa? Amarya ce shi?"

Dariya ta ɓarke. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na hango shugaban sashenmu a sahun gaba ya harɗe hannu yana kallon silin. Goggo ta ga idona ya kawo ruwa, sai tausayi ya kama ta, ta ɗaga taɓarya ta sauke sau biyu. Abin da ya fito wata ƙara ce busasshiya, taɓaryar ta yi tsalle, turmin ya goce a kan kafet. Ta girgiza kai ta ja da baya. Farfesa ya dubi agogonsa. A raina na ce shi ke nan, magana ta mutu, kuma ni na kashe ta da hannuna.

Wata malama ce daga cikin baƙin Nijar, doguwa mai farin gilashi, ta miƙe. Ta ce da shigowarta ta ga matar da ke dafa wa taron abinci tana da turmi a bayan zaure, kuma ta ga gero a kwano. In shugaban zama ya yarda, me zai hana a fita can? Farfesa ya ɗauki agogonsa ya sa a aljihu, ya ce mu je.

Haka malamai da manyan riguna da kwat suka yi dafifi ƙarƙashin darbejiya, kusa da murhu. Turmin mai abincin tsoho ne, baƙi, bakinsa duk ya cinye. Gero ne da za ta yi fura da shi. Goggo ta sa ƙafa ta share ƙasa, ta girke turmin ta jijjiga shi ta ji ya zauna, ta zuba geron ta yayyafa masa ruwa, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu. Ta yi bisimilla suka fara.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Sautin ya fito mai nauyi, kana jinsa a tafin ƙafarka kafin ya iso kunne. Taɓarya uku na shiga rami ɗaya babu mai taɓa 'yar'uwarta. Kafaɗunsu da ƙugunsu na tafiya tare. Can sai Goggo ta cilla tata sama, ta tafa sau biyu, ta cafe, ta daki gefen turmi ta koma ciki, ba ta ɓata wa kowa bugu ba. Mai abinci ta saki guɗa. Na ga wani malamin rawa yana motsa kafaɗa bai ma sani ba.

Ni kuwa ina ƙirgawa a zuci, sai lissafi ya ƙi. Awon ba ɗaya ba ne. Sun fara a hankali, suka ƙara sauri, can kuma bugun ya sake kama wani salo daban. Duk abin da na zana a allo ya rushe a gaban jama'a. Guntun da na ɗauka a waya ashe tsakiyar daka ne kawai.

Farfesa ma ya lura. Da suka tsaya ya matso, ya ɗan rusuna, ya ce, "Hajiya, wa ke ba ku alamar canja bugu? Ban ga kin yi musu magana ba."

Goggo ta share gumi da bakin zane. "Ranka ya daɗe, geron ne. Yana da dusa a jikinsa taɓarya santsi take, dole ka bi a hankali kar ya fantsale. In dusar ta saki sai ka ji ya kama hannunka, sai ka ƙara wuta. Kowaccenmu tana ji a hannunta, me za a faɗa kuma?"

Dattijon nan ya tattara babbar rigarsa ya tsuguna, ya ɗebi geron ya murza a tafin hannu. Ya roƙe su su sake, wannan karon ya dafa jikin turmin ya rufe ido. Minti ashirin ɗina suka zama awa guda, babu wanda ya yi ƙorafi sai mai abinci da ta ce a ba ta geronta rana na yi.

Da muka koma zaure farfesa bai raga mini ba. Ya ce maƙalata ta kuskure, in koma in sake ta daga tushe. Na haɗiye, don gaskiya ya faɗa. Sannan ya juya wajen shugaban sashenmu ya ce shekara da shekaru yana koyar da kiɗa, bai taɓa tsayawa ya saurari kiɗan da abin kiɗan ke canjawa a hannun mai bugawa ba, alhali da shi ya tashi a gidansu. Ya ce in kwalejinmu ba ta koyar da wannan ba, shi zai zo ya ɗauke tsohuwar nan ya kai ta tasu makarantar.

Shugaban sashe ya sa hannu kafin zangon karatu ya ƙare. Ni zan riƙa yin bayani a aji, Goggo kuma ta zo duk ranar Laraba ta koyar da hannu. Murnar da na yi ranar har kunyar faɗinta nake.

Larabar farko muka taru ƙarƙashin darbejiyar nan da tsohon turmi da gero. Ɗalibai mata suka yi layi, har da maza biyu da suka ce su ma sai sun koya. Na koma gefe da littafina da biro zan rubuta abin da zan gani. Goggo ta bi layin tana duba tafin hannun kowa tana tsaki. Da ta kai ƙarshe sai ta juyo, ta zare littafin daga hannuna ta ajiye a kan benci.

"Ke ma shiga layi," in ji ta.

Na cire agogo da zobe, na je na tsaya bayan ɗalibata.